Kyanwoyin Ammi Tahar

A Tamanrasat muka gane babu wata gonar shanu. Mutumin da ya haɗa mana tafiyar, wanda muka sani a kasuwar Ƙafin Maiyaki, ya ce wani Balarabe mai garke ne a Aljeriya yake neman wanda ya iya allurar dabbobi, da kuma makiyayi. Mai allurar ni ne, makiyayin kuwa Isiya ɗan kawuna. Ya ce muna sauka za a zo da mota a ɗauke mu. Muka sauka da kumburarrun ƙafafu saboda zaman bayan akori-kura, muka kira lambar da ya ba mu. Wata mata ta ɗauka, ta yi ta magana da yaren da ba ma ji, ta kashe. Ba a ƙara ɗauka ba.

Sunana Nuhu, mutumin Dangora ne ni. Na yi karatun kula da lafiyar dabbobi, sana'ata kuma ita ce yawo a babur ruga-ruga, daga ƙasar Kiru har gefen Doguwa, ina yi wa shanu allura. Da satar shanu ta yi ƙamari, Fulanin da nake yi wa aiki suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, har ta kai sai in wuni ban buɗe jakata ba. Abin da ya fitar da ni ke nan. Isiya kuwa cewa ya yi ba zai bar ni in tafi ni kaɗai in kunyata mutanen Dangora ba. Taubashina ne, tun muna yara ba ya kirana da sunana, sai dai likitan jakai.

Mun zauna a wani kango da 'yan Nijar suka cika, ana kwana kamar an jera buhunan masara. Da safe kowa ya fita bakin titi ya tsaya, mai neman lebura ya zo da mota ya nuna wanda yake so da yatsa. Wani Buzu mai shayi ya lura mun wuni ba mu sa komai a baki ba, ya miƙo mana burodi, kashegari ma haka. Shi ne ya ba mu shawarar mu matsa arewa, domin a garin masu neman aiki sun fi aikin yawa. Na ce da Isiya mu koma gida. Ya ce da wace fuska, bayan an raka mu har tasha?

Gardaya ce zango na biyu. Muka sami aikin gini a bayan gari, muna ɗaukar bulo, muna kwaɓa siminti, muna kwana a cikin ginin da muke yi. Shugaban leburori ya karɓe fasfunanmu, wai zai adana mana, ba mu ƙara ganinsu ba. Isiya ne mai dafa mana taliya da tumatirin gwangwani, in ya sauke sai ya yi shela cewa tuwon masara da miyar kuka ya nuna, har 'yan Mali da ba sa jin Hausa suka koyi faɗa.

Wata rana da hantsi ya taka ƙusa mai tsatsa, ta huda silifas ta shige tafin ƙafa. Ya zare ta yana dariya, ya ce ƙafar manomi ta fi ƙarfin ƙusar Larabawa. Ni ban yi dariya ba. Na wanke wurin da ruwan gishiri, na ce masa allurar tetanos yake buƙata, wato ta ciwon sarƙe-haƙora, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, yau ba gobe ba. Na shiga gari na je kemis, na haɗa Larabcin islamiyya da nuni da hannu. Mai kemis ya fahimce ni sarai, amma ya ce sai da takardar likita. Na gaba ma haka. Asibiti kuwa, shugaban leburori ya rantse mana duk wanda ya je babu takardun zama, daga kan gado za a wuce da shi mota. Ya ce mu bari, shi zai kawo magani. Da ya tashi kawowa, farasitamol ne. Isiya ya ce shi kam ba zai kai kansa a kama shi a kan ƙusa ba.

Ƙafar ta kumbura, amma ba ita ta tsorata ni ba. Ranar da na ga ya kai cokali baki muƙamuƙinsa ya ƙi buɗewa, gabana ya faɗi. Na sha ganin haka a jikin ragon da aka yi wa fiɗiya da wuƙa mai datti, na kuma san ƙarshensa. Ni da wani ɗan Mali muka ɗora shi a baro muka tura har titi, wani mai motar kayan miya ya tsaya ya kai mu asibiti. Babu wanda ya tambaye mu takarda. Suka karɓe shi, suka yi iya ƙoƙarinsu. Likitan ya tambaye ni me ya sa muka daɗe haka. Isiya ya rasu bayansa a lanƙwashe kamar baka, haƙoransa a datse, bai iya bar mini ko kalma ɗaya in kai gida ba.

Limamin wata unguwa ya taimaka aka yi masa sutura, aka binne shi a gefen maƙabarta. Na kira Kawu. Na yi ta gaisuwa, ina tambayar gona, ina tambayar mutanen gida, har ya katse ni ya ce, "Nuhu, ba ni Isiya." Da ya ji na yi shiru sai ya yi salati. Can ya tambaya ko an yi masa salla. Na ce an yi. Ya ce to, Allah ya yi mini albarka, in kula da kaina.

Ban iya zaman Gardaya ba bayan haka. Na bi wata motar dabino, a kwance tsakanin kwalaye, har Wahran, babban gari a bakin teku. Nan ma bakin titi na koma ina jiran a nuna ni da yatsa. Wata safiya aka ɗauke ni kwasar ɓaraguzai a bayan wani asibitin dabbobi. Ana gab da Babbar Salla, sai wani ya kawo ƙaton rago mai ɗingishi, ya ƙi tsayuwa, ya watsar da mutum biyu. Na ajiye shebur, na kama haɓarsa, na juya wuyansa, na zaunar da shi a kan gindinsa. Likitar wurin, Dakta Samira, ta tambaye ni inda na koya. Na gaya mata. Ta yi dariyar Larabcina, ta ce kamar mai huɗubar Juma'a nake magana. Da ɓaraguzai suka ƙare ta ce in zauna in riƙa wanke keji ina riƙe mata dabbobi, ta ba ni ɗakin ajiyar kaya in riƙa kwana.

Rago na lokacin Salla ne kawai, aikin wurin kusan duk na kyanwoyi ne. A Dangora mage tana gindin rumbu tana kama ɓera, in ta yi ciwo ta ɓuya ta mutu, ba mai cewa ina take. A nan kuwa a kwando mai katifa ake kawo ta, ana lallashi. Ranar da Dakta ta buɗe kabad na ga kwalaben magani a jere, har da irin wanda na yi yawon nema a Gardaya, sai na fita waje na zauna a kan bulo. Ta biyo ni tana tambaya, na ba ta labarin Isiya. Ta koma ciki. Da yamma sai ga wani ɗan'uwanta ma'aikacin jinya, ta sa shi ya yi mini allurar tetanos.

Na daɗe ina jin haushin kyanwoyin nan. Na gaya wa Inna a waya irin aikin da nake yi, ina jiran ta yi tsaki. Cewa ta yi ita ma mage rai gare ta, in riƙe amana.

Hannuna hannun shanu ne. Karon farko da Dakta ta ba ni sirinji na ɗaga shi kamar zan soki bijimi, ta riƙe mini hannu. Ta nuna mini yadda ake tattaro fatar ƙeya a ɗaga, a zura 'yar siririyar allura a hankali a ƙarƙashinta. Ta koya mini auna nauyin mage kafin a ja magani, da ɗaga leɓe a duba dasashi don a san ko da jini a jiki. A wurinta na ji cewa farasitamol, da muke sha kamar gyaɗa, guba ne ga mage.

Wata rana ta ce in ɗauki jaka in bi ta gidan wani tsoho, Ammi Tahar. Ammi a bakinsu kamar a ce Baffa ne. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana zaune can saman wani tsohon bene, gwiwoyinsa sun daina saukowa da shi, maƙwabta ke yi masa cefane. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Faransa. Marigayiyar ce mai tara kyanwoyin titi, ta tafi ta bar masa huɗu. Muka tarar da wani muzuru a kan kujera, ƙashi da fata, miyau na zuba, bakinsa na wari.

Dakta ta ɗebi jinin kowacce ta ɗiga a kan ɗan abin gwaji. Uku suka nuna abin da take zargi, sankarar jinin kyanwa. Ta yi wa tsohon bayani ina saurare. Ƙwayar cuta ce da suke ɗauka ta miyau, wajen lasar juna da cizo da ci a kwano ɗaya, ba ta kama mutum. Tana cinye jini da ƙarfin jiki, har mura ko gyambon baki ya zama ajali. Ba ta da magani. Abin da za a iya yi shi ne duk ciwon da ya sami ƙofa ya shigo a tare shi da allurar kashe ƙwayoyin cuta, in sun ƙi ci a ƙara musu ruwa ta ƙarƙashin fata, su ɗan ƙara kwana cikin sauƙi. Ta huɗun, mai lafiya, dole a raba ta da su a yi mata rigakafi. Wata maƙwabciya ta karɓe ta. Tsohon ya dafa ƙofa yana kallo ana sauka da ita.

Hannunsa rawa yake, ba zai iya allura ba, Dakta kuma ba za ta rufe asibiti kullum ba, sai aikin ya dawo kaina. Da hantsi in rataya jaka, in ratsa kasuwa, in hau benen. Ina shiga zan tarar ya dafa gahawa ya yanka burodi, kuma ba ya bari in taɓa mage sai na ci. Wulidi yake ce mini, wato ɗana. Shi zai naɗe mage a tawul ya rungume ta yana yi mata magana, ni in yi allurar, in goge mata baki da auduga, in ɗura mata abinci da sirinji marar allura. Daga nan ya riƙe ni da hira. Ya tambayi abin da muke nomawa, na ba shi labarin masara da dawa da raken fadama, da furar da matar Arɗo take dama mini in na gama da garke. Shi kuma labarin jiragen ƙasa da na matarsa. Sau da yawa sai na miƙe ya tuno wani sabo.

Muzurun bai daɗe ba. Ta biyun ta farfaɗo, ta ci, ta hau taga, har tsohon ya fara cewa Dakta ta yi kuskure. Sai ƙari ya fito mata a ƙirji, numfashi ya gagara, wannan kuwa ya fi ƙarfin allurata. Dakta ta zo ta yi mata wadda ta hutar da ita. Ya ce kada a jefa su a shara, don haka kowacce a wani fili bayan layin dogo na binne ta. Saura Zarga, wata toka-toka mai ido ɗaya, wadda ya ce a ƙafar matarsa take kwana. Dasashinta ya yi fari fat. Mura ta kama ta, mu yi allura har mu kammala, ta warware, a ɗan jima hanci ya sake toshewa mu koma farko.

Da sanyi ya shigo, irin nasu mai haɗe da ruwan sama, aka fara kamen baƙi. Ana tare baƙar fata a tasha da kasuwa da wuraren gini, ba a tambayar komai. Dakta ta ce kada in ƙara leƙa ko bakin ƙofa, ita za ta riƙa zuwa wurin Zarga in ta tashi daga aiki. A gabana ta kira tsohon ta gaya masa. Na koma zaman ɗakin ajiya tsakanin buhunan abincin kare.

Wata safiya Dakta ta tafi wata gona a bayan gari, sai wayata ta yi ƙara. Ammi Tahar ne. Ya ce, "Wulidi, Zarga ce. Ka zo." Na tambaya ko ta ci abinci, ya ce a'a. Na ce masa Dakta za ta zo da yamma. Ya sake cewa in zo. Na leƙa titi na ga babu motsi. Na ɗauki magani da ledar ƙarin ruwa, na rataya jaka.

A bakin kasuwa 'yan sanda suka tare ni. Na ɗaga jakar ina cewa magani ne, mara lafiya na jira. Ɗayansu ya buɗe, ya ga hoton mage a jikin kwalba, ya nuna wa 'yan'uwansa suka yi dariya. Ya ajiye ta a gefen titi, suka karɓe wayata, suka tura ni mota.

Suka tara mu a wani fili mai katanga, maza da mata da yara, ruwa na dukanmu. Daga nan manyan motoci suka yi kudu da mu. Na hangi Gardaya ta taga, na yi wa Isiya addu'a, motar ko rage gudu ba ta yi ba. A Tamanrasat aka mayar da mu motocin ɗaukar yashi, aka kai mu inda babu komai sai rairayi, aka sauke. Wani ya nuna da bakin bindiga ya ce can ne Asamaka, ƙasar Nijar. Muka kama tafiya. Takalman roba na wanke keji ne a ƙafata, kafin rana ta yi tsaka sun saluɓe mini fata, na cire su, tsakuwa ta ƙarasa aikin. Wani dattijo ɗan Gini da muke jere da shi ya zauna ya ce zai huta. Na ɗaga shi, wani ya kama mini, muka ɗan yi gaba, ya sake zubewa. Na ɗaga leɓensa na duba, domin abin da hannuna ya saba ke nan, na ga dasashin ya bushe ƙayau. Babu mai ɗigon ruwa a cikinmu. Muka rufa masa riga a ka muka wuce. Da masu agaji suka tarye mu da mota na kwatanta musu wurin. Ban san ko sun same shi ba.

Arlit da Agadas da Kano duk a kwance na wuce su. Na shiga Dangora da rani, a bayan babur, ƙafafuna a naɗe. Kafin in iya zuwa gaishe da Kawu shi ya zo. Ya zauna kusa da ni a zaure, ya ce in kwatanta masa kabarin. Na kwatanta masa, da bishiyar dabinon da ke kusa, da katangar ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya ce in riƙa shafa man kaɗanya a ƙafar.

Da na fara takawa na ari wayar maƙwabci na kira asibitin, domin lambar tana rubuce a ƙofa, na haddace ta. Dakta ta yi kuka da ta ji muryata. Ta ce ta bi duk inda ake tsare mutane, ba ta same ni ba. Na tambayi Zarga. Ta ce in sake kira ranar Juma'a bayan masallaci, za ta je gidan Ammi Tahar, yana so ya yi magana da ni da bakinsa.

Na kira. Ya daɗe yana tambayar jikina da lafiyar Inna, yana kewaye-kewaye. Sannan ya ce, "Wulidi, ranar da na kira ka Zarga ta riga ta mutu. Na tashi sallar asuba na tarar ta sandare. Na san da kamen, an gaya mini. Na zauna da ita a cinya, gidan ya yi mini shiru, ban san wanda zan kira ba sai kai. Na ji tsoron in na ce ta mutu ba za ka zo ba."

Ina zaune a kan tabarma ina kallon ƙafafuna. Babu farce ko ɗaya a ta dama, har yau kuma ba su fito daidai ba. Ya ce in yafe masa. Ya sake faɗa. Ina jiyo Dakta a gefe tana ce masa ya zauna, ya sha ruwa.

Da ƙyar na ce, "Na yafe, Ammi. Ko da ka ce mini ta mutu, da na zo."

Can na ji ya ce da Dakta, "Kin ji? Ya ce da ya zo." Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Kafin damina ta sauka Allah ya yi masa rasuwa.